Sunan Yanka a Bakin Gulbi

Ranar Asabar ce, ƙarfe huɗu na yamma, tsakiyar damina. Junaidu ya ɗauki matarsa Sadatu da 'yarsu daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, garin iyayensa, wai a je a yi wanka a gulbi. Sadatu ta ce hadari na haɗuwa gabas. Ya ce ba zai zubo ba.

Yarinyar shekararta tara. Rauda ne sunanta na yanka, amma sunan mahaifiyar Junaidu ne, don haka bai taɓa furta shi ba. Ummi kowa ke ce mata. Ran nan, tana tsaye dab da shi ruwa iya gwiwa, ya fuskanci gulbi ya ce, "Rauda." Sau uku, a hankali. Sadatu ta ji, ta yi mamaki, sai iska ta taso ta mantar da ita.

Ruwan sama ya kece. Gulbi ya yi baƙi. Ummi ta nutse a wurin da ko akuya ba za ta nutse ba, sai da wani masunci ya jawo ta.

Tun daga ranar, da an kira magariba sai laka ta fara faɗowa bisa kwanon gidansu, ɗanya, mai ƙarnin kifi. Tabarmar Ummi kullum a jiƙe. Ta daina cin abinci, ta daina amsa sunan Ummi.

Kwana na shida Sadatu ta kira Malam Kalilu, ba da son mijinta ba. Malam ya zauna ya yi ta karatu har yarinyar ta miƙe zaune, idanunta a rufe. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce.

"Mi kike so ga ɗiyar mutane?" in ji Malam.

"Ban ɗauka ba. Ba ni aka yi."

"Wa ya ba ki?"

"Uban. Shi nike bi bashi tun yana yaro, ran da na kama shi cikin ruwa na sake shi. Bana na matsa mai, sai ya ce ga musanya. Shi ya kira min sunanta."

Sadatu ta dubi Junaidu. Yana kallon ƙasa.

"Baban Ummi," ta ce. "Ka ce ƙarya take yi."



Malam ya ci gaba da karatu har muryar ta soma roƙo. Ta ce za ta fita, in uban ya koma inda ya tsaya ya janye sunan da bakinsa. Junaidu ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Malam ya ce babu sharaɗi, ya ƙara ɗaga murya. Ummi ta yi atishawa, ruwan gulbi ya zubo mata ta hanci, ta ce, "Inna, yunwa nike ji."

Washegari Sadatu ta koma gidan mahaifinta a Ambursa, ta tafi da Ummi. Can suke har yanzu. Lakar kuwa ba ta daina faɗowa bisa kwanon gidan Junaidu ba.