Hayaƙi a Kujerar Baya

Rana ta faɗi, gidan Direba ya yi tsit, sai injin motarsa da ke hucewa a tsakar gida. Dawowarsa ke nan daga ɗauko Auta, 'yarsa, a makaranta, yana wanke ƙafa, dutsen farko ya faɗo. Bai taɓa rufin ɗaki ba, bai taɓa kowa ba. Gilashin bayan motar ya nufa, ya yi kaca-kaca da shi.

Direba ya fita da sanda yana zagin 'ya'yan maƙwabta. Ko kaza babu a layin.

Shi Direba mutumin kirki ne, amma Allah ya yi shi da taurin kai, kuma gobensa ba ta ƙarewa. An daɗe matarsa tana cewa motar tana warin hayaƙi, yana cewa na manyan motocin kan titi ne, maganinsa a ɗaga gilasai. Haka yake rufe ko'ina ruf, Auta tana kwance a kujerar baya. Kullum yarinyar ta sauko da ciwon kai, wani lokaci har da amai, ya ce lalaci ne irin na dangin uwarta.

Washegari ya sa sabon gilashi. Da magariba ta yi aka sake farfasa shi, wannan karon har da kuka siriri daga cikin motar, kamar na jariri mai shaƙewa. Matar ta roƙe shi ya bar motar haka. Ina! Ya sa na uku, mai kauri, ya liƙe gefensa da gam. Daga ranar duwatsu suka tsaya, kukan ma ya tsaya, Direba har yana yi wa matarsa dariya.

Bayan 'yan kwanaki suka dawo da yamma, Auta ba ta sauko ba. Ya buɗe ƙofa zai tashe ta, sai ta cafke maƙogwaronsa. Yarinyar da ko bokitin ruwa ke gagararta, sai ga shi ta ɗaga ubanta ta maka shi da bango, haƙorinsa ya fita. Ta bi shi ta haye ƙirjinsa tana naushi, ta gantsara wa uwar cizo a hannu har jini ya tsarto. Sai da maƙwabta suka taru a kanta kafin aka danne ta, aka aika a kira Malam, wani dattijo mai ruƙiyya da ke ƙarshen layin.

Malam bai yi gaggawa ba. Ya zauna kusa da kanta ya fara karatu a hankali, duhu yana shigowa. Auta ta banƙare, tana buga ƙeya da ƙasa. Can bakinta ya buɗe, muryar wata babbar mace ta fito, a dishe.

Malam ya tambaye ta wace ce, me yarinya ta yi mata. Ta ce aljana ce, a motar take zaune tun tana yashe a wurin 'yan gwangwan, kafin wannan mutumin ya saye ta. Ɗanta a ƙarƙashin kujerar baya yake kwana. Bututun salansa, mai fitar da hayaƙin motar, ya tsage, ƙasan motar ya ci tsatsa ya huje, hayaƙi yana hawowa kan yaron.

"Na fasa gilashi don ɗana ya sha iska, ya mayar. Na sake fasawa, ya sake mayarwa. A hannuna ya mutu. Rai nake bi."

Uwar Auta ta rushe da kuka. Malam ya ce rai na Allah ne, kuma yarinyar ba ta ci mata komai ba. Ya ɗaga murya da karatu, aljanar ta yi ƙara, jikin Auta yana ta makyarkyata, sannan ta ƙyalƙyale da wata dariya mara daɗin ji.

"Ni zan kashe ta? Ai ubanta ya riga ni fara aikin. Kanta a kan ramin nan take ɗorawa kullum."

Tsoro ya fita daga ran Direba, kunya da baƙin ciki suka maye wurin.

Aka shiga ciniki. Malam ya ce za a cire kujerar a kai mata inda babu mutane, ta tafi da gawar ɗanta. Ta ce ta yarda, amma sai mai motar ya ɗanɗana abin da yaron ya ɗanɗana. Malam ya buɗe baki zai hana, Direba ya riga shi.

"Na yarda. Ki sakar mini 'yata."

Nan take numfashinsa ya ɗauke. Ya faɗi yana yagar rigarsa, yana shure-shure, idanunsa sun firfito, farcensa yana kartar siminti. Malam yana karatu yana daka wa aljanar tsawa cewa alkawari ɗanɗano ne. Har matar Direba ta fara salati, sai Auta ta yi atishawa mai ƙarfi ta saki jiki. Direba ya ja iska, ya yi tari, baƙar majina ta fito.

Da safe bakanike ya zo. Da suka ɗaga kujerar, sai ga rami wanda hannu zai shige, soson kujerar ya yi baƙi ƙirin daidai inda Auta ke sa kunci. Bakanike ya tada mota, ya toshe bakin salansa da tsumma, hayaƙi ya yi ta tsartuwa daga tsagar yana cika motar. Aka canza bututun, mai walda ya toshe ramin, aka sa sabuwar roba a murfin but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar. Kujerar kuwa Malam ya sa aka tafi da ita.

Auta ta warke, ba ta tuna komai. Muryar Direba ce ba ta dawo ba, har yau a dishe yake magana. Rannan suna hanya ruwan sama ya tsuge, Auta ta ce daga baya, "Baba, ruwa yana dukana, ka ɗaga gilashi."

Ya kalle ta a madubi, ya miƙa mata rigarsa.

"Yafa wannan, Auta. Bar shi a buɗe."