Gadon da Na Yi wa Jaririn Yayarsa

"Ke kika yi gadon nan ko ba ke ba?"

Muryar Mama ce a waya, mahaifiyar Dogo, mutumin da nake shirin aure. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Ni ce, Mama... lafiya?"

"Ina fa lafiya! Yaro yana asibiti, numfashi yana gagararsa, jiki duk ya feso da ƙuraje. Kin kwaso katakon bola kin kwantar mana da jariri a kai!"

Ƙit, ta kashe.

Buroshin da ke hannuna ya faɗi, fenti ya fantsama a ƙafata.

A tsohon garejin gidanmu nake sana'ata. Kwalaben da aka zubar nake mayarwa fitilun ado, tsohuwar taya ta zama kujera, ƙyallayen da teloli suke sharewa su zama matasan kai. A nan na haɗu da Dogo, direban motar kai kaya. Wata rana na gan shi zai jibge katakan da ake ɗora kaya a kansu a bakin juji, na tare shi na ce ya ba ni. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya yi dariya, ya kawo min har ƙofa. Daga ranar bai daina kawowa ba, ko da kuwa katako ɗaya ne tak, don dai ya samu dalilin zuwa.

Mama ba ta taɓa so na ba. 'Yar ƙanwarta take so ya aura, wadda kowa ke kira Gimbiya. Shi ya sa da yayarsa ta haihu, na zuba duk basirata na yi wa jaririn gado. Na kankare katakon da sanfefa har yatsuna suka saɓule, na wanke, na shanya, na shafa fentin da ba ya wari. Na ce ko wannan zai sa Mama ta kalle ni da idon rahama.

Ga inda ya kai ni.

Na kira Dogo. Wayar tana ta ƙara, bai ɗaga ba. Na sake kira. Shiru.

Ko ƙafata ban wanke ba na zari mayafi na fita.

A barandar sashen yara na same su. Yaya, uwar jaririn, tana zaune a benci, idanunta sun kumbura, ta ƙura wa ƙofar ɗakin ido. Ta gilashi na hango jaririn, ɗan mitsitsi, an ɗaura masa robar iska a hanci, ƙirjinsa yana sama da ƙasa da sauri.



"Au, har kina da idon zuwa?" Gimbiya ce ta miƙe tana gyara jakarta. "Mama, ai na faɗa miki. An ce daga rumbun maganin ƙwari ake kwaso mata katakan nan. Guba ce zalla!"

"Wa ya ce?" na tambaya.

"To daga ina suke? Faɗa mana mana!"



Wallahi ban sani ba. Ban taɓa tambayar Dogo ba. Yana kawowa, ina karɓa, muna hira, muna dariya.

Mama ta ga shiruna, ta gyaɗa kai.

"Kin gani ko? Tashi ki ba mu wuri. In wani abu ya samu yaron nan, ke da ɗana har abada."

"Yaya..." na ce, ina matsawa kusa da ita.

Ba ta ko waiwayo ba. Wannan ya fi maganar Mama yi min ciwo, don ita kaɗai ce a gidansu take kira na ƙanwata.

Ban san yadda na iso gida ba. Na faɗa gareji na dinga zaro ragowar katakan ɗaya bayan ɗaya. Ina shinshinawa, ina juyawa, ina neman tabo ko wani rubutu. Wannan ƙamshin itace ne kawai? Ko akwai wani wari a ƙarƙashinsa? Tun ina ganewa har hancina ya daina bambancewa.

Ummata ta leƙo ta same ni a ƙasa cikin garin katako.

"Auta, me kike yi haka?"

"Umma, in ni na kashe musu yaro fa?"

"Kul! Kar in sake jin wannan. Yaron yana da rai, addu'a za ki yi masa."

"Dogo ma ya ƙi ɗaga wayata..."

Ta zauna a kujerar taya, ta jawo kaina kan cinyarta. Shirun nata ya ƙara tsorata ni.

Rana ta fara sanyi sai na ji ƙarar motar Dogo. Na san ta ko a cikin motoci dubu, saboda ƙofar baya da take kaɗawa. Ya shigo rigarsa sharkaf da gumi, idanunsa ja.

"Gwanata..."

"Kar ka ce min gwanata! Tun safe nake kiran ka!"

"Na gani. Ban so in ɗaga ba ni da abin da zan faɗa miki." Ya durƙusa a gabana. "Tunda Gimbiya ta yi maganar nan na fita. Duk inda na taɓa ɗauko miki katako sai da na je."



"Kuma?"

"Yawancinsu daga shagon tayil ne, ba a taɓa ɗora musu komai ba sai tayil. Amma akwai waɗanda na tsinta a bayan kasuwa. Su kam babu wanda ya san daga inda suka fito."

"Na shiga uku... Dogo, da su na yi gefen gadon!"

"Na sani."

"Da ka ce min duk na tayil ne, da na samu na yi numfashi!"

"Da na yi miki ƙarya ke nan. Ba zan fara ba." Ya miƙe. "Tashi mu je."

"Mama ta kore ni."

"Tare da ni za ki koma."

Muka kama hanyar asibiti. Ina ta murza gefen mayafina, shi kuma ya riƙe sitiyari kamar zai karya shi.

Mama tana ganin mu ta miƙe.

"Ban ce kar in sake ganin..."

"Mama, ki yi haƙuri ki saurare ni." Ya rage tsawo a gabanta, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ni na kawo katakon. Ni na tsinto shi, ban bincika ba. Ita aikinta kawai ta yi, kuma na ga irin wahalar da ta sha a kai. In gadon ne, laifina ne. In za ki kori wani, ni za ki kora."

"Kana jin kanka kuwa? Ɗan yayarka yana kwance, kai kana kare 'yar bola!"

"Ina jin tsoro kamar yadda kike ji, Mama. Har yanzu likita bai ce komai ba. Amma ko me ya ce, ba zan bar ta ta ɗauka ita kaɗai ba."

Gimbiya ta ja tsaki. Mama ta juya mana baya. Sai Yaya ta matsa kaɗan a bencin, ba tare da ta kalle ni ba, ta bar wuri daidai zaman mutum ɗaya.

Na zauna. Hawayen da na riƙe tun safe suka ɓalle.

Sai washegari da hantsi sakamakon gwaji ya fito. Likitar ta tara mu a ƙofar ɗaki.

"Wani ciwo ne da yake yawo cikin yara kwanan nan, ya sauka masa a ƙirji. Ɗakin nan cike yake da irinsa. Zazzaɓin ya fara sauka, in sha Allahu zai warke."

"Likita, gadonsa fa?" Ni ce na tambaya, da ƙyar. "Da tsohon katako aka yi shi..."

"Na ji maganar tun jiya, kuma mun duba. Babu alamar guba a jikinsa."

Yaya ta rungume ni da ƙarfi har na ji a ƙashina.

"Ƙanwata, ki yafe min. Jiya ba na cikin hayyacina."

Dogo ya juya ga Gimbiya.

"Wa ya ce miki rumbun maganin ƙwari?"

"Ni ma... ji na yi ana faɗa." Ta duba wayarta, ta ce ana jiran ta, ta zame.

Sai da aka cire wa yaron robar iska aka miƙa wa Mama shi, ta jijjiga shi kaɗan, sannan ta tako inda nake tsaye a jikin bango.

"Ungo, riƙe shi. Hannuna ya gaji."

Na karɓe shi. Ɗumi gare shi, numfashinsa a hankali.

"Gadon..." Ta kawar da kai. "Jiya na sa an fitar da shi an ƙone."

Wani abu ya soke ni a ƙirji. Na tuna yatsuna, na tuna 'yan taurarin da na zana a kansa. Na haɗiye.

"Ba komai, Mama. Tsoro ne, ni ma na ji shi."

Ta daɗe tana kallon busasshen fentin da ke ƙafata tun jiya.

"Ke ko wanka ba ki yi ba?"

"Ban samu natsuwa ba, Mama."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta juya ga ɗanta.

"Kai kuma ka tsaya kana washe baki! Kai ta gida ta huta. Ka ce wa mahaifiyarta ina nan zuwa, akwai maganar da za mu yi."

A mota Dogo ya kasa tayar da inji. Ya kifa kai a sitiyari yana dariya, idanunsa cike da ƙwalla.

"Gwanata, kin ji abin da na ji?"

"Na ji. Amma daga yau duk katakon da ka kawo min sai ka faɗa min uwarsa da ubansa."

"Har kakansa!"

Kafin yaron ya fara rarrafe aka ɗaura mana aure. Sabon gadonsa kuwa Mama ce da kanta ta zauna a garejina ta zaɓi katakon, tana shinshina kowanne, tana yi min faɗa wai fentin ya yi haske da yawa.