Mai Zanen Shafin Baya

Ruwan da aka yi da la'asar ɗin nan bai daɗe ba, amma ya cika babbar kwatar da ta ratsa layin su Ummukulsum a Tarauni har ta tumbatsa kan titi. Tun bara aka haƙa ta aka ce za a rufe, ba a rufe ba.

Ummukulsum na dawowa daga ƙaramin asibitin da take aikin jinya ta tarar da cincirindon mutane. Wata yarinya ce 'yar Islamiyya ta zame ta faɗa cikin kwatar. Masu adaidaita sahu suka tsamo ta. Ummukulsum ta durƙusa cikin caɓi da fararen kayanta, ta danna ƙirjin yarinyar, ta hura mata iska, har hannuwanta suka gaji.

Wani dattijo ya ce, "Bar ta haka, 'yata. Rai ya yi halinsa."

Da ta ɗago, idonta ya faɗa kan wani dogon saurayi raɓe da bangon shago, riƙe da fensir da takarda. Ranta ya ɓaci.

"Bawan Allah, gawar 'yar mutane na kwance, kai kana zane?"

Ya dube ta, idanunsa jajir. "Ba ita nake zanawa ba. Kwatar nake zanawa."

"Allah ya shirye ka," ta ce, ta wuce.

Ranar Juma'a wata abokiyar aikinta ta shigo da jarida. A shafin baya an zana kwatar, bakinta a wangame. Gefenta wani mai tumbi cikin babbar riga ya haye buhunan siminti yana sakace, ga ɗan ƙaramin hijabi yana yawo a kan ruwa. A ƙasa an rubuta: "An kusa kammalawa." Mai zanen ya sa hannu, Shamsu.

Ta gane mai tumbin. Alhaji Ƙasimu ne, ɗan kwangilar da aka ba aikin kwatar. Mahaifinta, Malam Tanko, shi ke tuƙa masa mota.

Ofishin jaridar na Gyadi-Gyadi, ɗaki biyu a saman wani shagon tayoyi. Ta je ta sami dogon saurayin nan a lungu kusa da taga, don babu wuta, yana bin zanen fensir da baƙar tawada.

"Na zo ba ka haƙuri ne," ta ce.

Ya miƙe har kwalbar tawadar ta kusa kifewa. "Ni ya kamata in ba ki. Ke kin durƙusa a caɓi, ni ina tsaye. Sunana Shamsuddeen."

"Ummukulsum. Kullum haka kake yi? Ka ga masifa ka zana?"

"Mafi yawa a teburin mai shayi nake samun abin zanawa. In zauna in kasa kunne. Laraba edita ya karɓa, ya ce in rage wa wannan hanci, in ƙara wa wancan rawani kada a gane shi. Alhamis a kai maɗaba'a. Juma'a kuma a fara kira ana zagina."

Ta yi murmushi ba ta shirya ba. Daga ɗaya ɗakin edita, Malam Sulaiman, ya ɗaga murya: "Shamsu! Tumbin nan ya yi yawa, lauya ba mu da shi!"

Kafin ta sauka daga benen ya karɓi lambarta. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Malamar jinya, na yi shekaru ina zana fuskokin da nake jin haushi. Yau na ga wadda nake tsoron zanawa kada in rage mata wani abu."

Ta mayar masa: "Mai Alƙalami, daɗin baki ma aikin jarida ne? Ka ci abinci, na ga alama ba ka ci."

Haka abin ya ƙullu. Yakan jira ta a bakin asibiti in ta tashi, su taka a ƙafa har kusa da layinsu. Shi ya kira ta Kulu, sunan da kakarta kaɗai ke kiranta da shi. Ita kuwa ba ta sauya masa Mai Alƙalami ba. Tana ba shi labarin marasa lafiya, yana nuna mata zanen da edita ya ƙi. Tun a tafiyarsu ta farko ta gaya masa wanda mahaifinta ke yi wa aiki. Ya ce, "Da Alhaji nake, ba da Baba ba."

Wata rana cikin hira ta ce, "Baba ya dawo a gajiye jiya. Wuni suka yi ana kwasar siminti zuwa wani sito a Hotoro." Ta faɗa ne kawai, suka shiga wata maganar.

Da ya aiko yana neman izinin zuwa zance, Malam Tanko ya kira ta gaban mahaifiyarta, Inna Ladi.

"Ummu, na baro ƙauye da ke a bayan uwarki, ba ni da kowa a garin nan. Motar Alhaji ce ta biya miki makarantar jinya. Yanzu wanda yake mayar da ubangidana abin dariya shi za ki kawo mini?"

"Baba, yarinyar nan a hannuna ta cika."

"Na sani. Na je jana'izarta." Ya sunkuyar da kai. "Amma mai zana mutane da alƙalami ba sana'a gare shi ba, rigima gare shi. Ga Abdulmalik ya yi mini magana, yaro mai natsuwa. Ban ce dole ba. Amma wancan kada ya taka mini ƙofar gida."

Abdulmalik ɗan ƙanwar Alhaji ne, shi ke kula masa da ma'aikata. Ya zo zance da mota mai sanyi da ledar kaji. Ta saurare shi cikin ladabi, ta ce masa zuciyarta na wani wuri. Ya yi 'yar dariya.

"Na san wurin. Saman shagon taya."

Juma'ar da ta biyo baya, shafin baya ya fito da buhunan simintin aikin kwatar sun yi ƙafafu, sun jeru suna tafiya, a gabansu allo an rubuta "Hotoro". Kafin Magariba Malam Tanko ya dawo gida ba makullin mota. Abdulmalik ya gaya wa Alhaji cewa 'yar direba ce budurwar mai zanen, daga gidan direba asiri ke fita.

Malam Tanko bai yi faɗa ba. Ya zauna a tabarma ya ƙi cin tuwo. Wannan ya fi yi wa Ummukulsum ciwo.

Ta rubuta wa Shamsuddeen: "Ashe labari kake nema a wurina. Na faɗa maka maganar gidanmu ka kai ta kasuwa. An kori Baba. Kada ka sake nemana."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya rubuto:

"Kulu, wallahi ba daga bakinki ba ne. Wakilinmu ya ɗauko hoton siton tun kafin ki faɗa, edita ya ba ni ya ce in zana. Laifina ɗaya, ban tsaya na tuna Baba ba. Wannan kam na yi shi, ba ni da bakin kare kaina."

Ta karanta, ta kashe wayar.

Damina ta wuce a haka. Malam Tanko ya karɓi adaidaita sahu haya, yana jigila tsakanin Unguwa Uku da Gyadi-Gyadi da furfurarsa, yara sa'o'in 'ya'yansa na yi masa ihu a hanya. Ummukulsum ta rame. Duk Juma'a takan ce ba za ta duba jaridar ba, sai ta duba. Shamsuddeen bai saki kwatar ba. Mako-mako yana zana ta, ana ta yaɗa zanen a waya, har mutanen unguwa suka fara taruwa suna maganar kai ƙara.

Wata Laraba da hantsi Malam Tanko ya tsaya shan mai, sai mai gadin gidan Alhaji, tsohon abokinsa, ya ja shi gefe.

"Tanko, yaron jaridar nan, an ba 'yan daba aikinsa. Yau. An ce hannun kawai ake so."

Malam Tanko bai manta ba. Yaron nan ne sanadin rabuwarsa da abincinsa. Ya sauke fasinjan da ke ciki, ya ba shi haƙuri, ya juya kan adaidaita ya nufi Gyadi-Gyadi.

Ya makara. A lungun bayan shagon taya ya same shi kwance, zanen makon a warwatse cikin ƙasa, masu faci sun kewaye shi suna salati. An ɗora hannunsa na dama a kan bulo an sauke masa wani bulon a kai.

"Ku kama mini shi!" Malam Tanko ya daka tsawa. "Me kuke kallo?"

A hanya Shamsuddeen ya buɗe ido ya ga ƙeyar mai tuƙin. "Baba... ku yafe mini."

"Yi shiru. Riƙe hannun sama."

Asibitin da 'yarsa ke aiki ya fi kusa, can ya kai shi. Ummukulsum ta fito da gudu jin ana kiran a kawo gado, ta ga mahaifinta da jini a gaban riga, ta ga wanda yake tallafe da shi. Ba ta yi kuka ba sai da ta tsayar da jinin, ta naɗe hannun, aka wuce da shi babban asibiti wurin likitan ƙashi. Sannan ta shiga ɗakin magani ta rufe ƙofa.

Malam Sulaiman ya zo dubiya da lemo a leda. A barandar asibiti ya tabbatar mata da maganar hoton siton, ita ba ta ma tambaya ba. Sannan ya shiga ya zauna a bakin gado yana murza hularsa.

"Shamsu, masu kamfanin jaridar sun ce a rufe shafin baya. Talla za a riƙa sawa. Ina da iyali, ka gane."

"Na gane, Malam."

Likita ya ce yatsu biyu ba za su sake lanƙwasuwa ba. 'Yan sanda suka zo suka yi tambayoyi, ba a kama kowa ba. Kwatar kuwa mutanen unguwa ne suka gaji, suka yi karo-karo suka shimfiɗa katako a inda yara ke tsallakawa.

Bayan an sallame shi ta je duba shi a gidan yayarsa a Darmanawa. Ta same shi a zaure, fensir a hannun hagu, takardu a cukurkuɗe a gabansa.

"Kulu, ki je ki auri mai hannu biyu. Dubi wannan. Akuya nake son zanawa."

Ta ɗauki takardar ta juya ta sama da ƙasa. "Ta fi kama da buta."

Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta bar shi ya yi mai isarsa.

"Na yanke maka hukunci ban saurare ka ba," ta ce a hankali. "Ba zan sake barinka ba, Mai Alƙalami. Ko buta za ka yi ta zanawa har mu tsufa."

"Ba ni da aiki, Kulu."

"Ni ina da shi. Kai kuma kana da hagu. Sake zana akuyar."

Da lokacin sanyi ya shiga, akuyar ta fara kama da akuya. Ya samu aikin zana littattafan yara a wata maɗaba'a, yana kuma sa zanensa a intanet, layukan a karkace amma ana gane wanda ake nufi. Inna Ladi ce ta yi ta bin mijinta da magana, har wata safiya ya ce a kira yaron.

Shamsuddeen ya durƙusa a zaure. Malam Tanko ya dube shi.

"Za ka daina zanen?"

"Baba, in na ce zan daina, ƙarya na yi muku."

"Na sani. Da ka ce za ka daina, da na raina ka." Ya numfasa. "Har gobe ina tsoron sana'arka. Tsoron ba zai bar ni ba. Amma na ga abin da aka yi maka, na kuma san a kan me aka yi. Turo magabatanka."

Saƙonta ya riske shi kafin ya kai titi: "Ina bayan ƙofa na ji komai. Alhamdulillah, angona."

Aka ɗaura aure ranar Asabar a ƙofar gidan Malam Tanko. Ba taro mai yawa ba ne. Masu adaidaita sahu suka jera kekunansu, ma'aikatan asibiti suka zo, Malam Sulaiman ya tsaya can baya. Mahaifin yarinyar da ta rasu a kwata ma ya zo, ba wanda ya gayyace shi, ya zauna a sahun gaba.

Da aka shafa Fatiha mutane suka taso gaisawa da ango. Shamsuddeen ya miƙa hannun dama duk da zafin da yake yi masa, yana cije leɓe duk wanda ya matse. Da aka zo kan Malam Tanko, sai dattijon ya tallafi hannun da tafukansa biyu, bai matse ba.

"Ga Ummu nan na ba ka amana. Allah ya tsare mini ku. Allah ya ba ku zuri'a masu faɗin gaskiya, ya kuma raba su da sharrin masu jin haushinta."

"Amin, Baba," in ji Shamsuddeen.

Daga cikin gida guɗa ta tashi. Ummukulsum na zaune a tsakiyar ƙawayenta, lulluɓe, lalle bai gama bushewa a ƙafarta ba. Inna Ladi ta leƙo ta ce, "An ɗaura." Ta kifa fuskarta a cinyar mahaifiyarta ta yi ta kuka, Inna Ladi na shafa kanta tana cewa, "Allah ya yi miki albarka, Allah ya ba ku zaman lafiya."