Kiran Salla a Cikin Kwali

Da sassafe aka kira kwamisariyar 'yan sanda daga unguwar Briqueterie, aka ce an ji kiran salla daga cikin ɗakin da ke kulle, kuma ba a ga mai ɗakin ba tun jiya.

Insifekta Garga bai yi dariya ba. Mutumin Maruwa ne da ya daɗe yana aiki a Yaoundé, ya san mutanen unguwar nan ba sa neman ɗan sanda sai abu ya fi ƙarfin liman. Ya bar mota a bakin titi wajen masu suya, ya bi lungu a ƙafa, jar laka na riƙe masa takalmi.

Mai gidan, Hajiya Hamsatu, tana tsaye nesa da ƙofar da carbi a hannu.

"Mika'ilu mai waya ne ya kama ɗakin," in ji ta. "Shagonsa yana kasuwar Mokolo, a ɗakin nan yake ajiye kaya. Cikin dare na ji ladan a ciki. Wallahi ba a masallaci ba ne, Shef, a ciki ne."

"Kin ga wanda ya kulle ƙofar jiya?"

"Ban ga kowa ba."

Ta faɗa da sauri, idonta a ƙasa. Garga ya ƙyale ta, ya sa aka fasa kwaɗon.

Mika'ilu na kwance rub da ciki, jini ya bushe a ƙeyarsa. Ƙarfen da ake tokare ƙofa yana yashe a gefensa. Kwalayen sababbin wayoyi sun kai rabin bango, an yayyage wasu, an watsar da wayoyin a ƙasa, ledarsu ma ba a ɓare ba.

Garga ya tsuguna yana kallo. Ɓarawo ba ya barin irin wannan kaya a ƙasa. Wanda ya shigo nan abu ɗaya yake nema.

Yana cikin wannan tunani muryar ta tashi.

"Allahu Akbar, Allahu Akbar..."

Siririyar murya ce, a toshe, kamar mai kira daga ƙarƙashin ƙasa. Rana ko zafi ba ta fara ba, balle a ce azahar. Mutanen da suka yi cincirindo a bakin ƙofa suka watse, wani har da barin takalmi. Garga ya bi sautin, yana ɗaga kwali bayan kwali, har ya kai na can ƙasa a kusurwa.

A ciki tsohuwar waya ce, gilashinta ya tsage a gefe. Allonta a kulle yake. Agogonta ya wuce sha biyun rana, ƙarƙashinsa an rubuta Dubai.

Ya fito ya sami Hajiya Hamsatu.

"Hajiya, waya ce, ba aljani ba. Amma wanda ya kashe shi mutum ne, kuma yana yawo. Wa kika gani?"

Ta rage murya.

"Gab da magariba na ji hayaniya, sai shiru. Wani ya fito ya sa kwaɗo. Bayansa kawai na gani, ana ruwa, ya lulluɓe kansa."

"Da makulli ya kulle?"

"Da nasa. Na ji ƙarar tarin makullai."

Makullin Mika'ilu na cikin aljihunsa. Ke nan akwai na biyu.

Matar mamacin, Afra'u, tana zaune a tsakar gidansu da ke Ekoudou, mata sun kewaye ta. Garga ya yi ta'aziyya, ya roƙi a ba su wuri.

"Wa ke da makullin ɗakin kaya ban da mijinki?"

"Njidda, abokin cinikinsa. Shi ke zuwa Dubai ya sayo. Can waya ta fi araha nesa ba kusa ba, wata ma sai ta tsufa a can kafin a gan ta a kantunan nan. Shi ya kawo, Malam ya sayar."

Garga ya fito da wayar daga ledar shaida. Afra'u ta miƙa hannu, sai ta janye kamar ta taɓa wuta.

"Ta Nu'man ce. Ƙanena. Malam ne ya saya masa, a gabana ta faɗi ta tsage."

"Ina Nu'man ɗin?"

"Yana Dubai. Njidda ya tafi da shi kafin azumi don ya riƙo masa jaka, wai in fasinja biyu ne kayan ba sa ɗaukar idon 'yan duwan masu binciken kaya. Sai ya samu aiki ya zauna."

"Kuna magana?"

"Yana rubuto min." Ta buɗe tata wayar ta nuna masa. "Ga na shekaranjiya ma. Ya ce yana lafiya, in gaida Malam."

Garga ya dubi lambar, ya bi saƙonnin zuwa sama. Gajeru ne duka, babu hoto, babu murya.

"Yaushe rabonki da jin muryarsa?"

Ta karɓi wayarta daga hannunsa.

"Ya ce an hana su kira a wurin aiki," in ji ta a hankali. Sai ta dubi tsagaggiyar wayar da ke kan tabarma. "Insifekta, in wayarsa na nan, wa ke rubuto min?"

Garga ya mayar da wayar cikin leda, ya miƙe.

A wajen zaman makoki ya sami Njidda, dogo, fes cikin farar shadda, yana karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwa na jini. Garga ya ce ya zo kwamisariya ya taimaka da bayanin kaya. Ya kuma roƙi a kawo Afra'u, aka zaunar da ita a ɗakin da ke gefe, ƙofa a buɗe kaɗan.

"Yaushe ka dawo?"

"Shekaranjiya, Monsieur l'inspecteur. Jiya da safe na kai kaya, muka rabu lafiya. Daga nan ina gida, gajiyar tafiya."

"Ina makullinka na ɗakin?"

"Ya ɓace tun tuni."

"Ka ga Nu'man a wannan zuwan?"

"Sosai. Har ƙiba ya yi."

Garga ya ajiye wayar a kan tebur. Njidda ya dube ta.

"A, wannan. Ya sayi sabuwa, ka san can arha ce, ya ba ni wannan in sayar."

"Mai sayar da waya yana goge ta. Wannan a kulle take. Ka san lambar buɗe ta?"

"Ina zan sani? Ban taɓa kunna ta ba."

"To ɗora babban yatsanka a nan."

Njidda ya sa hannayensa a ƙarƙashin tebur. Garga bai ɗaga murya ba, ya dai zuba masa ido yana jira. Fanka na juyawa a sama. Can Njidda ya fito da hannun, ya ɗora yatsan.

Wayar ta buɗe. Hoton wani saurayi mai wushirya ya bayyana, yana dariya. Garga ya shiga saƙonni ya juya masa allon.

"Wannan na shekaranjiya, a Yaoundé aka rubuta shi."

Njidda ya kifa kansa a tebur. Da ya ɗago, muryarsa ta canza.

"Zazzaɓi ya kama shi a masauki, ana gobe za mu taso. In na kai shi asibiti jirgi zai tafi ya bar ni da kaya, ga tambayoyi. Na ce ya kwanta, zan aiko a duba shi. Ya ba ni wayar, ya faɗa min lambar, ya ce in kira masa yayarsa, shi ba ya iya riƙewa. Na fita da ita kamar zan nemi sabis. Ban koma ba."

"Sai me?"

"Bayan kwanaki mai masaukin ya kira ni. A ɗakin aka sami gawarsa."

"Mika'ilu fa?"

"Ya gan ta a jakata muna sauke kaya, ya ɗauke ban sani ba. Da yamma ya kira ni. Ya ce ya ɓoye ta, kuma in ban faɗa wa Afra'u da bakina ba, shi zai kai ta wajenku. Na roƙe shi, Insifekta, har ƙasa na durƙusa. Ya juya zai fita..." Ya dubi tafin hannunsa. "Na nemi wayar ban gani ba."

Ƙofar gefe ta buɗe. Afra'u ta shigo, mayafinta ya zame a kafaɗa, ba ta gyara ba. Ba kuka take ba.

"Njidda, barka da sallar da aka turo min, kai ne?"

"Ni ne."

"Da wanda ya ce in yafe masa bai zo sunan ɗana ba?"

Ya gyaɗa kai.

"A ina aka binne shi?"

"Ban tambaya ba."

Garga ya yi alama, ɗan sanda ya shigo ya sa masa ankwa. Aka fita da shi ta doguwar baranda, farar shaddarsa na jan ƙasa, bai waiwayo ba.

Afra'u ta dafa tebur ta tsaya har ƙarar takalman ta ɓace. Sannan ta gyara mayafinta.

"Yaushe za ku ba mu gawar Malam?"

"Da likita ya gama, insha Allahu gobe."

"To a gaya wa liman tun yau," in ji ta. "In an sallaci Malam, kada mutane su watse. Akwai wanda ba a yi wa ba."