Zomon Aji Huɗu Ya Tafi Hutu

A bayan aji huɗu, kusa da taga, akwai wani keji na katako. A cikinsa akwai farin zomo mai baƙin kunne ɗaya. Yara suna kiransa Kunne. Ba ya damun kowa. Da rana yakan kwanta ya lumshe ido yana sauraron darasi, kamar shi ma jarrabawar zai zauna.

Da hutu ya matso, sai Malama ta ce dole wani ya tafi da shi gida. Hannaye suka tashi sama kamar tsiron masara bayan ruwa. Malama ta duba ajin a hankali, sannan ta zaɓi wata yarinya da ke zama a layin gaba. A gida ana ce mata Auta, domin ita ce ƙarama. Ba ta taɓa makara ba, kuma ita ce mai share ƙarƙashin kejin ba tare da an sa ta ba.

Auta ta ji kanta ya yi girma. Ta miƙe tsaye ta gyara wuyan rigarta.

Malama ta yi mata bayani. Ta ce a ba shi busasshiyar ciyawa da yawa, da ɗan ganye safe da yamma, da ruwa mai tsabta. Ta ce a ajiye shi inda babu hayaniya, ya ga hasken rana da rana, ya sami duhu in dare ya yi.

"Kin ji ko?" in ji Malama.

"Na ji, Malama. Zan dawo da shi ya fi haka kyau."

Baban Auta kafinta ne. Shi ya ɗauko kejin a kafaɗa har gida, ya ƙara masa ƙusa biyu a ƙofa, ya ajiye shi a baranda. Mamanta tela ce, kekenta na ɗinki yana falo kusa da talabijin. Akwai kuma Yaya, wanda ke makarantar sakandare, kuma ba ya iya ganin abu ya yi shiru.

Da farko Auta ta bi maganar Malama. Amma wata rana, ko Alhamis ce ko Juma'a, ta zauna a baranda tana cin biskit. Kunne ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya, hancinsa yana rawa. Ta dubi biskit ɗinta, ta dubi busasshiyar ciyawarsa. Sai tausayi ya kama ta. Ta ce a ranta, wannan ai zalunci ne, baƙo a gidanmu yana cin abin da ake share tsakar gida da irinsa.

Ta gutsura masa. Ya cinye, ya sake miƙewa.

Daga ranar abin ya zama kullum. Biskit, ɓawon burodi, har da guntun kek da maƙwabciya ta aiko. Duk lokacin da ya miƙe, sai ta ba shi. Ciyawa kuwa ya daina kallonta. Auta ta kuma ga baranda ta yi masa kaɗaici, sai ta jawo kejin zuwa falo. A nan ƙwan lantarki ba ya mutuwa da wuri, domin Mama takan daɗe tana ɗinki. Tunda hutu ake yi, Auta ma ta daina kwanciya a kan lokaci. Bayan an ci abincin dare sai ta zauna gaban talabijin, ita gutsure ɗaya, Kunne gutsure ɗaya. Da safe ba ta tashi sai rana ta yi sama, kuma ba ta son karin kumallo.

Kunne ya yi ƙiba. Wuyansa ya ɓace, ya zama kamar matashin kai mai kunnuwa. Auta tana ta alfahari. Duk ƙawar da ta zo sai ta ce mata ta ɗaga shi ta ji nauyi.

Yaya ya ce, "Auta, zomo aka ba ki ko buhun auduga? In aka koma makaranta sai an ɗauko masa kurar ɗaukar kaya."

"Hassada ce kawai," in ji Auta. "Kai ko ƙadangare ba a taɓa ba ka riƙo ba."

Mama ta yi dariya, amma da ta zo auna Auta domin sabon siket na makaranta, sai ta dubi tef ɗin ta sake dubawa. Ta ce da alama ba zomon kaɗai ke cin biskit a gidan ba. Ta kuma ce ita abin da ya fi damunta shi ne hammar da Auta ke yi da tsakar rana, da yawan cewa cikinta ya kumbura. Auta ta ce ita lafiyarta ƙalau.

Wata safiya ta zo wurin keji da biskit a hannu. Kunne bai miƙe ba. Ya takure a kusurwa, kunnuwansa a kwance. Ta kai masa biskit har baki, ya kawar da kai. Ta taɓa cikinsa ta ji ya yi tauri. Sannan ta lura da wani abu. Ƙasan kejin tsaf yake. Babu ko ɗaya daga cikin ƙananan kashin nan masu kama da ƙwayar wake da take sharewa kullum.

Ta tuna fuskokin 'yan ajinsu. Ta tuna yadda Malama ta tsallake kowa ta zaɓe ta. In Kunne ya mutu a hannunta, da wane baki za ta faɗa?

Ta ruga wurin Baba, ta same shi yana goge katako. Bai yi mata faɗa ba. Ya ajiye aikinsa, ya karkaɗe garin katako daga rigarsa, suka sa Kunne a kwali suka tafi wurin likitan dabbobi.

Likitar mace ce mai tabarau, ɗakinta yana warin sabulu. Ta ɗora Kunne a kan tebur, ta latsa cikinsa a hankali, ta saurara da abin sauraro. Sannan ta tambayi abin da yake ci, da lokacin da yake ci, da inda yake kwana. Auta ta faɗi komai, muryarta tana ƙara yin ƙasa.

Likita ta ce hanjinsa ne ya tsaya da aiki. Ta ce a cikin hanjin zomo akwai ƙananan halittu masu yawan gaske, waɗanda ido ba ya gani. Ana kiransu bakteriya.

"To a ba shi magani ya kashe su," in ji Auta da sauri.

"A'a, 'yata. In suka mutu duka, shi ma ba zai rayu ba. Yawancinsu ma'aikatansa ne. Su ke narka masa ciyawa. Kin hana su abincinsu, kin ciyar da waɗansu masu son zaƙi, har suka fi ƙarfin na kirkin."

Ta ƙara da cewa waɗannan halittu suna da lokacin aiki da lokacin hutu, kamar kowa. Jiki yana da agogonsa, su ma suna bin sa. Haske da duhu da lokacin cin abinci su ke saita agogon. In ana ci a kowane lokaci, fitila kuma tana kunne har tsakar dare, sai su rikice. In suka rikice, jiki ya fi saurin tara kitse, barci kuma ya lalace.

Auta ta shafa bayan Kunne. Can ta ɗaga kai.

"Likita, mutane ma suna da su?"

"Suna da su. Ke ma kina da naki, suna nan suna jiran ki ba su wake da ganye da 'ya'yan itace, a kan lokaci."

Baba ya yi gyaran murya, ya dubi nasa cikin.

Likita ta yi wa Kunne allura. Ta koya wa Auta yadda za ta jiƙa abincin zomo ya yi laushi, ta zuba masa a baki kaɗan-kaɗan da sirinji marar allura. Ta ce ba ta yi alkawari ba, amma in ya yi kashi, to hanjin ya tashi.

Auta ta mai da kejin baranda da kanta. Ta cika shi da sabuwar ciyawa. Ta naɗe Kunne a tsohon tawul tana ba shi abinci, yana tofarwa, tana sake ba shi. Rigarta duk ta ɓaci. Yaya ya zo zai yi tsokana, ya ga idonta, sai ya tsuguna ya riƙe mata tawul ɗin.

Ran nan ta kwanta da wuri, domin tana so ta tashi da wuri. Gari na wayewa ta fito baranda ba takalmi. Kunne yana zaune yana tauna silin ciyawa. A bayansa kuma ga waɗansu 'yan ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe.

"Mama! Baba! Ya yi kashi!"

Duk gidan suka fito. Yaya ya ce tunda aka haife shi bai taɓa ganin an tara mutane kallon kashin zomo ba. Amma shi ma ya leƙa, har ya ce sai an ƙara, waɗannan sun yi ƙanana.

Sauran hutun, Auta da Kunne suka bi tsari ɗaya. Tana ba shi ganye da safe, sannan ta zauna ta karya kumallo. Da yamma takan sake shi a tsakar gida ya yi tsalle, tana bin sa da gudu. Bayan abincin dare ba ta ƙara cin komai. Ba ta daina son biskit ba, amma ya zama na wani lokaci, kuma nata ita kaɗai. Kumburin ciki ya tafi, hammar rana ma ta tafi.

Ranar komawa makaranta, yara suka kewaye kejin. Malama ta ɗaga Kunne, ta ce ya ɗan yi nauyi. Auta ta ba ta labarin duka, ba ta rage komai ba.

Malama ta mai da Kunne cikin keji. Sannan ta ce kuskuren babba ne, amma wanda ya ga ciwo da wuri, ya nemi taimako, ya kuma yi jinya, ya cancanci a ƙara ba shi amana. Ta ce daga yau Auta ce mai kula da abincin Kunne. Ta kuma ce ta fito gaban aji ta faɗa musu abin da ta koya.

Auta ta fito. Muryarta ta fita sarai.

"A cikin kowannenmu akwai ƙananan ma'aikata," in ji ta. "Suna son abinci mai kyau, a kan lokaci, suna kuma son mu yi barci da dare. In muka kula da su, za su kula da mu. Kuma son abu ba shi ne ka ba shi duk abin da ya roƙa ba. Ka ba shi abin da zai amfane shi."

Ajin ya tafa mata. Kunne kuwa ya juya musu baya, ya ci gaba da cin ciyawarsa.