Dutsen da Ya Fito daga Rijiyar Dumega

"In bai maida dutsin ga cikin rijiya ba, ki mance da shi, Ajuma."

Mahaifina, Baba Rabo, ne ya faɗa, bai ko dube ni ba. Na dafa turmi.

"Baba, dutsi na fa kawai..."

"Na Doguwa na, aljanar rijiya. Tun kakana mu ka tsaron rijiyag ga, ba a taɓa hita da abin cikinta ba. Gobe shi sauka da kainai shi maida, ko ko goron da dangi nai sunka kawo shi koma musu."

Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, gwamnati ta turo masu binciken ƙasa daga Yamai su nemo inda ruwa yake a Arewa. Ja'afaru, mai neman aurena, yana cikinsu. Ranar da aka yashe rijiyarmu ta Dumega ya tsinci wani baƙin dutse mai siffar katantanwa a cikin laka, ya sa aljihu yana murna kamar an ba shi sarauta. Bayan haka ruwa ya ja baya. Tsakiyar rani ne, kowace shekara haka yake yi, amma Mani ɗan kasuwa, wanda na ƙi aurensa tun bara, ya bi gida gida yana cewa Doguwa ce ta yi fushi.

Na iske Ja'afaru a gindin gawo, dutsen a tafin hannunsa. Raina a ɓace yake, na kuwa nuna masa.

"Kai da karatun bokonka na lakwal! Ka san abin da ka jawo muna?"

"Sanyin idona, zauna ki gani."

"Ba ni zamnawa."

Ya miƙo mini shi duk da haka.

"Wannan da rai gare shi. A teku ya rayu, nan inda muke tsaye. Da ya mutu laka ta rufe shi, wata ta hau kan wata. Naman ya ruɓe, ruwa ya yi ta ratsa ɓawon yana barin ƙasarsa a ciki, har ya koma dutse, siffarsa ba ta canza ba."

"Teku? A Dumega, inda akuya ka kukan ƙishirwa?"

"Tun kafin a yi mutane. Kowane hawa na ƙasa da irin nasa, da launin nasa. Da su muke gane wane ya girmi wane, da inda ya kamata a haƙa a samu ruwa. Na lakar rijiyarku baƙaƙe ne. Na tuddan Adar farare ne, wasu har da zanen tauraro."

Ina jin daɗin muryarsa, ina kuma jin haushin ina jin daɗin.

"To zaɓi, Ja'afaru... ni ko shi."

Ya dubi dutsen da ke hannunsa. Shugabansa yana jiran dutsen a Yamai, na sani.

"Ke," ya ce. "Ko duwatsun duniya aka tara."

Washegari da hantsi gari ya taru a bakin rijiya. Al'adar ita ce wanda ya ɗauka ya tuɓe riga da hula, ya sauka da igiya, ya ajiye da hannunsa, ya fito hannu wofi. Daga nan a bincike tufafinsa a gaban kowa. In aka samu wani abu nata, babu mai sake gaishe shi a garin, balle a ba shi 'ya.

Ja'afaru ya ninke rigarsa ya ajiye kan kututture. Ya dube ni sau ɗaya, aka fara sakin igiya.

Rijiyar tana da zurfi, kansa ya ɓace cikin duhu. Ni dai igiyar nake kallo, tana gogar itacen bakin rijiya. Tsoro nake ji sosai. Duk wanda ke wurin ya leƙa ciki, babu mai duban kututture.

Aka girgiza igiya daga ƙasa. Aka jawo shi, laka har wuya, ya buɗe hannuwansa biyu.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "A kawo rigar."

Mani ne ya yi saurin ɗaukowa. Ya zazzage aljihun, wani abu ya faɗo ƙasa ya mirgina gaban Baba.

Dutse.

"Kun gani?" Mani ya ce a hankali. "Biyu yaɗ ɗauka, ya maida guda. Wanga shi za a ba ɗiyar gidan rijiya?"

Ja'afaru ya buɗe baki, mutane suka taso masa da hayaniya, ba a ji ko kalma ba. Baba ya juya masa baya. Na ga aurena yana mutuwa a gabana.

Mace ba ta magana a wannan taro. Na ratsa maza na durƙusa na ɗauki dutsen.

"Ajuma, koma," in ji Baba.

"Baba, ka gahwarce ni. Sau nawa ka shiga rijiyag ga?"

"Ban iya ƙirgawa."

"Ka taɓa ganin hwarin dutsi cikinta?"

Ya karɓa ya juya shi. Fari ne tas, zagaye, da zanen tauraro a bayansa. Ya tofa masa yawu ya murza, farin ya ƙara fitowa.

"Lakarta baƙa ta," ya ce. "Duk abin da ka hitowa cikinta baƙi na."

"Wanga na tuddan Adar na, Baba. Wa ka zuwa Adar hwatauci cikinmu?"

Sai tsoho Inusa, abokin darar Mani a kasuwar Kore Mairuwa, ya matso ya leƙa tafin Baba.

"Ai cikin ɗiyan darar Mani na. Da su shi ka cinye ni kowace kasuwa."

Wani ya kwashe da dariya, wasu suka bi. Mani, da ya jefa shi aljihun rigar, ya ɗauka duk dutse mai siffa iri ɗaya ne. Ya saki rigar, ya sulale ta bayan shanu, ban ko tausaya masa ba.

Baba ya ɗauki rigar da kansa, ya kakkaɓe ta, ya miƙa wa Ja'afaru.

"Mi kag gani can ƙasa?"

"Bango cike da su, Baba, babu iyaka."

"Kab bar su duka?"

"Duka."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dube ni, ina durƙushe, hawaye sun jiƙa mini zane.

"Tashi, uwar magana," ya ce. Ya juya ga Ja'afaru. "Je ka wanke lakag ga. Ba ni ɗaura auren ɗiyata da mutum awa kwaɗo."

Ja'afaru ya wuce ta kusa da ni, yana ɗigar baƙin ruwa.

"Amaryata..." ya ce ƙasa-ƙasa.

Ni da ke da bakin da ya tsayar da gari, na kasa ce masa komai.