Ɓaraguzan da Jikana Ya Zuba a Tafki

Ku yaran yanzu ba ku da kunne. Da babba ya buɗe baki sai ku ce tsufa ne, kuna latsa waya kuna dariya ƙasa-ƙasa. To a ajiye wayar. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, ranar da na fita kwashe shanya da magariba, kuma ba na son mai katse ni. Ban yi boko ba, amma na san ba a zubar da shara a kan gidan wani.

Jikana ne, ɗan babban ɗana. Abokansa suna ce masa Injiniya, ni dai ban san inda ya karanto injiniyancin ba. Ya sayi wani tsohon gida a bakin tafki, ya kwaso ni da matarsa da 'yarsu mai wata bakwai, ya zuba mu a ɗakuna biyun da ba sa yoyo, aka shiga gyaran sauran. Ni aikina goyon yarinyar.

Bayan gidan fili ne mai gangara. A ƙarshensa akwai matakalar dutse, hawa tara, ta ƙarshen duk gansakuka. Ruwan da ke ƙasanta baƙi ne ko da rana tsaka. Na lura masunta in sun zo daidai wurin sai su karkata kwalekwale su yi kwana, kamar mai kauce wa shimfiɗar wani.

Maginin da aka fara ɗauka dattijo ne. Duk bangon da aka rushe, sai ya sa leburori su tura ɓaraguzan a baro har ƙofar gida, bakin hanya, su tara wa mota. Jikana ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu.

"Baba magini, wannan wace irin wahala ce? Ga rami Allah ya haƙa mana a bayan gida. A cike bakin ruwan, filina ya ƙaru da taku goma, in sa tayil in kafa rumfa."

"Ranka ya daɗe, ba a zubawa a nan. Gida uku na gyara a bakin tafkin nan, ko ɓawon siminti ban taɓa jefawa ba. Da masu wurin."

"Kifi ne zai kai ni ƙara?"

Na ce masa, "Kai, mara kunya. Mutum ya haifi ubanka yana gaya maka magana kana yi masa iya shege?"

Ya yi dariya. "Uwargida, ke dai kishi kike yi. Kar in kafa rumfa abokaina su zo su ga matata ta tsufa."

"Uwarka ce matarka. Ka ji abin da aka ce maka."

Bai ji ba. Magini ya wanke cokalinsa na gini, ya naɗe igiyar awo, ya tafi ko sallama bai yi ba. Washegari jikana ya kawo wasu samari. Kwana uku suna juye baro a ruwa: fasassun bulo, tsohon kwano, guntayen rodi. Abu na ƙarshe wani faffaɗan murfin kankare ne da aka ciro daga tsakar gida. Samarin suka mirgino shi har bakin matakala, sai suka tsaya suna kallon juna, babu mai son ƙarasawa. Jikana ya ce musu matsorata, ya naɗe hannun riga, ya tura shi da hannunsa na dama.

Ba ƙarar ruwa na ji ba. Ƙara ce irin ta rufin ɗaki in ya rufta. Sai kumfa ta taso, ta daɗe tana tasowa. Daga ranar kwaɗin wurin suka yi shiru.

Aka daddaɓe, aka shimfiɗa farin tayil. Da safe na buɗe ƙofar ɗakina na tarar da guntun bulo jiƙe sharkaf, da laka a jikinsa. Na nuna wa jikana, ya ce leburori ne. Kwana biyu bayan haka na tsinci wani a cikin ɗakin, a gindin gadon yarinyar. Ƙofar kuwa da sakata na kwana. Kayanta suka fara warin laka, ko an wanke da sabulu.

Rana ta bakwai, uwar tana girki a gaba, na tuna an bar shanya a baya. Rana ta faɗi, sauran ja kaɗan a sama. Na goya yarinyar, na ɗaure da majanyi, na zagaya.

Babu iska. Babu kukan tsuntsu. Takalmina kawai nake ji a kan tayil.

Na cire riga ɗaya daga igiya, na cire ta biyu. Sai wari ya buge ni, na ruɓaɓɓen ganye da ƙarnin kifi. Ƙafata ta yi sanyi. Na duba ƙasa. Ruwa ne siriri yake tahowa a kan tayil, daga tafkin zuwa gida. Gangara yake hawa.

Na bi shi da ido.

Mace ce zaune a bakin sabon filin, ta ba ni baya. Gashinta har ƙasa, yana ɗiga. Ta rungume wani abu tana jijjigawa, irin jijjigar da ake yi wa jariri.

Na ce, "Wace ce a nan?"

Ba ta juyo ba. Muryar kuma a gindin kunnena na ji ta, a hankali.

"Tsohuwa. Taki tana numfashi?"

Rigunan suka zube daga hannuna.

Ta ɗan karkato. Abin da take jijjigawa guntun bulo ne.

"Nawa yana ƙarƙashin dutsenku. Kwana bakwai yana kirana. Ba ni taki in riƙe."

Na buɗe baki zan yi addu'a, harshena ya yi nauyi kamar an cika shi da yashi. Na nemi ja da baya. Ƙafa ta ƙi.

Sai na ji majanyin yana kwancewa.

Tana can taku goma a gabana, ba ta motsa ba. Amma yatsu masu sanyi suna bayana, tsakanina da yarinyar, suna zame ta ƙasa. A hankali. Kamar mai zare kaya daga ƙarƙashin mai barci.

Na damƙe ƙullin da hannu biyu. Zanen ya jiƙe. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Numfashinta ne ya koma kamar ana hura iska a cikin kofin ruwa.

Da ƙyar na haɗa magana. "Ba ita ta zuba ba."

Yatsun suka tsaya.

"To wa?"

Na san abin da nake yi, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Jinina ne, ni na yi masa wankan farko. Na ɗaga haɓa na nuna tagar ɗakinsa.

"Mai gidan. Da hannunsa na dama."

Ruwa yana ɗiga daga gashinta, ɗis, ɗis.

"Shi zai ɗaga. Kafin nan, rabin numfashinta yana wurina."

Ƙafata ta saku. Ban san yadda na kai ƙofar kicin ba, takalmi ɗaya a can na bar shi. Uwar ta kwance goyon ta ɗaga rigar yarinyar. Shatin yatsu biyar ne a bayanta, dogaye, sun yi shuɗi. Jikana ya fito da waya a hannu zai fara surutunsa, ya ga shatin, ya ji yadda ƙirjinta ke kurkurar ruwa. Sai ya ruga neman mota.

Aka kai ta asibiti. Likita ya sa abin sauraro, ya ce ƙirjinta fes yake. Muna tsaye muna jin ruwan da kunnenmu.

Da sassafe jikana ya je ya durƙusa wa magini. Dattijon ya zo ya tsaya daga nesa, ya ƙi taka tayil ɗin.

"Ba lebura, ba mota a bayan gidan nan. Wanda ya zuba shi zai kwashe. Ni sai dai in ara maka baro."

Jikana ya fasa tayil ɗinsa da kansa. Kwana tara yana shiga ruwa har ƙirji, yana fito da bulo ɗaya-ɗaya, yana turawa bakin hanya. Kwano ya yanke shi, rodi ya soke shi. Abokan rumfa ko ɗaya bai leƙo ba. Yarinyar kuwa kullum ƙara ramewa take, nono ma sai an ɗiga mata. In ya shigo yana rawar sanyi ya kalle ni, ni ma in kalle shi. Ban ce masa sannu ba.

Ranar ƙarshe saura murfin kankaren. Ina tsaye a saman matakala. Ya sa dogon ƙarfe ya banƙara shi, ya tokare da dutse, ya zura hannun dama a ƙarƙashi don ya ja. Sai na ga kafaɗarsa ta nutse, kamar an fizge shi. Bai yi ihu ba. Idonsa kawai ya zaro, yana kallona. Kumfa ta taso ta kewaye shi. Daga cikin gida na ji yarinyar ta tsala kuka, kuka mai ƙarfi, irin wanda rabonmu da shi kwana tara.

Aka sake shi. Ya rarrafo kan matakala.

Hannun bai karye ba, ko ƙwarzane babu. Amma daga gwiwar hannu zuwa yatsu ya yi fari ya yamutse, kamar na wanda ya wuni yana wanki. Haka yake har yau. Ba ya ɗaguwa, ba ya ɗumi, kuma ba ya bushewa. Matarsa tana shimfiɗa masa leda a gefen gado. Da hagu yake cin abinci, da hagu yake gaisawa da mutane yana ba su haƙuri.

Kwaɗi sun dawo. Matakalar tana nan, hawa tara, ya hana kowa taɓa ta. Yarinyar yanzu shekararta biyar, lafiyarta lau, tana hawa jikin kowa a gidan har da magini in ya zo gaisuwa. Ubanta ne kawai in ya matso sai ta toshe hanci ta ɓuya a bayana. Tun ranar bai sake ɗaukar 'yarsa ba.